Cinikin Da Ba Shaidu: Ɓarakar Tsaro Wajen Haɗa Na'urori da Tantancewa a Fasahar Bluetooth

Tsakure

Wannan takarda ta bi sawun manyan kafofin ɓarakar da masu bincike suka bankaɗo a tsarin haɗa na'urori da tantance juna na Bluetooth, daga farkon shekarun 2000 zuwa 2025. Abin da take son tabbatarwa shi ne, ba kasafai masu kutse ke karya lissafin ɓoye saƙo kansa ba. Inda suke samun kafa shi ne 'yar gajeriyar tattaunawar da na'urori biyu ke yi kafin su kulle zancensu, wadda a cikinta suke sasantawa kan irin tsaron da za su yi aiki da shi. Da gangan aka bar wannan tattaunawa da sassauci, don sabuwar na'ura ta ci gaba da jituwa da tsohuwa, kuma sassaucin ne ya hana gyara kaiwa ga tushe.

Gabatarwa

A watan Mayun 2019 kamfanin Google ya fitar da wata sanarwa mai ɗaure kai. Ya nemi duk wanda ya sayi 'yar na'urarsa ta Titan mai aiki da Bluetooth ya juya bayanta ya duba: in ya ga T1 ko T2 a rubuce, ya nemi a sauya masa wata kyauta. Ita kuwa Titan ba ta da wani aiki a duniya sai tsaro. Mutum na sayenta ne don ko an sace kalmar sirrinsa, ɓarawon ya kasa shiga asusunsa sai da ita a hannu. Sai ga shi an gano kuskure a yadda aka saita haɗinta da waya. Wanda ke tsaye kusa, tazarar da ba ta wuce ƙafa 30 ba, zai iya soko tasa na'urar daidai lokacin da mai ita ya danna maɓalli, ko ya yi shigar burtu da sunan Titan ɗin ya manne wa wayar mutum, daga baya ya rikiɗe ya zama kibod ko linzamin kwamfuta. Kamfanin Microsoft ne ya ankarar da Google.

Idan kamfani mai ƙwararrun tsaro irin na Google zai yi tuntuɓe a nan, to ya kamata a duba hanyar kanta.

An fara ƙera Bluetooth a ɗakunan binciken kamfanin Ericsson da ke Lund a ƙasar Suwidin a 1994, da nufin raba waya da igiyoyinta. A 1998 Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba suka kafa ƙungiyar Bluetooth SIG, wadda har gobe ita ke rubuta kundin ƙa'idojin da kowane maƙeri ke bi. A ƙiyasin ƙungiyar, ana fitar da na'urori masu wannan fasaha kusan biliyan 5 kowace shekara, kama daga wayoyi da sifikoki da abin sauraro na kunne, zuwa motoci da kwaɗunan ƙofa da na'urorin auna sukarin jini.

Aikin tsaronta kashi biyu ne. Akwai haɗin farko, ranar da na'urori biyu suka fara sanin juna suka samar da wani dogon mabuɗi na sirri da kowacce za ta adana. Akwai kuma tantancewa, wadda ke faruwa duk lokacin da suka sake gamuwa: a nuna ana riƙe da wancan mabuɗi, sannan a ciro daga jikinsa wani na wucin gadi da za a ɓoye zancen wannan zama da shi. Wahalar tana ga rashin mai shaida. A intanet, idan waya ta buɗe shafin banki, akwai takardar shaidar da wata hukuma ta daban ta sa wa hannu. Tsakanin waya da sifika babu wannan. Ba su taɓa sanin juna ba, kowa na iya jin abin da suke faɗa a iska, sau da yawa kuma ɗaya daga cikinsu ba ta da fuskar nuna rubutu balle madannai.

Zamanin lambobi huɗu

Tsarin farko ya dogara da lambar sirri da mutum zai buga a na'urorin biyu. Ana cuɗa lambar da adireshin na'ura da wata lamba da aka zaɓa kara zube, a samar da mabuɗin farko. Adireshin da lambar kara-zuben duk a fili suke tafiya, saboda haka abu ɗaya ne kawai ke ɓoye ga mai saurare, wato lambar da aka buga. Ƙa'ida ta yarda a yi ta da tsawo, amma mutane lambobi huɗu suka saba bugawa, zaɓi 10,000 ke nan kacal.

A 2005 Yaniv Shaked da Avishai Wool na Jami'ar Tel Aviv suka auna yadda wannan katanga take da gajarta. Da sun naɗi zancen haɗin farko, kwamfuta mai Pentium 4 na gano lambar cikin kusan daƙiƙa 0.06, tsohuwar Pentium III ma ba ta kai daƙiƙa 0.3 ba. Amma abin da ya fi wannan muhimmanci a aikinsu shi ne kashi na biyu. Ana iya cewa ai sau ɗaya ake haɗin farko, wa zai yi sa'ar kasancewa a wurin? Sai suka nuna cewa maharin ba ya buƙatar sa'a. Zai aro adireshin ɗaya daga cikin na'urorin ya ce ya manta mabuɗi, ƙa'ida kuwa ta yarda na'ura ta manta. Sai wayar ta sake tambayar mai ita lamba, shi kuma ya buga ba tare da zargin komai ba, alhali ana sauraro. Tun daga nan aka fara ganin fasalin da zai yi ta maimaituwa: uzurin da aka tanadar wa na'ura mai gaskiya, shi maharin ke arowa.

Na'urorin da ba su da madannai kuwa, masu ƙera su sai suka dasa musu lamba ta dindindin, yawanci 0000 ko 1234. A wannan shekara ta 2005 Martin Herfurt na ƙungiyar trifinite ya fitar da manhajar Car Whisperer, wadda ke shiga na'urar amsa waya ta cikin mota da waɗannan lambobi, ta cusa murya a sifikar motar, ta kuma naɗi hirar da ake yi a ciki. Tunanin cewa Bluetooth ba ya wuce mita 10 ma ya riga ya rushe tun 2004, lokacin da masu bincike a Kalifoniya suka kafa eriya mai ƙarfi suka kwashi bayanai daga wata wayar Nokia da ke nesa da su fiye da kilomita 1.5.

Gyaran 2007 da ƙofar da aka bari

Bluetooth 2.1, wanda ya fito a 2007, ya kawo gyara na gaske. An shigo da musayar mabuɗi ta Diffie da Hellman, dabarar lissafin da ke bai wa ɓangarori biyu damar samar da sirri guda ko da duniya na sauraron duk abin da suka faɗa. Mai sauraro kawai ya fita daga wasan. Saura mai shiga tsakani, wanda zai yi musaya ɗaya da waya, wata da sifika, kowacce tana zaton da 'yar'uwarta take magana. Lissafi ba ya maganin wannan, sai da shaida daga waje, kuma shaidar da aka zaɓa ita ce ɗan'adam.

An tanadi hanyoyi huɗu. A ta farko na'urorin biyu na nuna lambobi shida, mutum ya gwama ya danna cewa sun yi daidai. A ta biyu ɗaya ta nuna lamba, mutum ya buga ta a ɗayar. A ta uku ana miƙa sirrin ta wata kafa daban, kamar goga na'urorin a jikin juna ta NFC. Ta huɗun, da ake kira Just Works, ba lamba ba gwami, kuma kundin da kansa ya faɗa ƙarara cewa ba ta kare kowa daga mai shiga tsakani. Wace hanya za a bi? Kowace na'ura ce ke faɗin abin da take da shi, fuska ko madannai ko babu, kuma ba mai bincika gaskiyar maganarta. Duk wadda ta ce ba ta da komai, ta ja ɗayar zuwa hanya ta huɗu.

Hanya ta biyu ma tana da sharaɗin da masu ƙera kaya suka yi ta takewa. Ana tabbatar da lambobin shida ne a zagaye 20, kowane zagaye yana fallasa ɗigo ɗaya, wato bit ɗaya, na lambar. Babu laifi idan sau ɗaya za a yi amfani da ita a yar. Amma a 2008 Andrew Lindell ya nuna a taron Black Hat cewa idan lambar ta dindindin ce, irin wadda ake bugawa a jikin kwali, wanda ya saurari haɗi ɗaya ya riga ya san ta.

Daga nan aka koma baya. Bluetooth 4.0 na 2010 ya zo da sabon reshe mai tsimin batir, BLE, wanda aka yi don ƙananan na'urori. Don sauƙaƙa musu lissafi, sai aka cire musayar Diffie da Hellman ɗungurungum. Mike Ryan ya nuna sakamakon a taron USENIX WOOT na 2013: mabuɗin wucin gadin da komai ya rataya a kansa lamba ce tsakanin 0 da 999,999, a hanyar Just Works kuma sifili ne zalla. Manhajarsa mai suna crackle na gano shi cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya. Sai a Disambar 2014, da fitowar 4.2, aka maido wa BLE lissafin da aka san amfaninsa shekara bakwai kafin nan. Tsohon tsarin kuma bai tafi ko'ina ba, yana nan a kundin.

Kasuwa ta nuna abin da wannan sakaci ke haifarwa. A taron DEF CON na 2016 Anthony Rose da Ben Ramsey sun gwada kwaɗunan zamani 16 masu buɗewa da waya, suka buɗe 12, wasu ma kalmar sirrin a fili suke aika ta. A Fabrairun 2017 hukumar kula da sadarwa ta Jamus ta haramta 'yar tsanar My Friend Cayla, ta shawarci iyaye su lalata ta, domin duk wayar da ke kusa na iya haɗuwa da ita ba tare da wata tantancewa ba, ta ji abin da yaro ke faɗa, ta kuma yi masa magana.

Sabon lissafin ma bai tsira ba, ko da yake ba ta inda aka zata aka same shi ba. A 2018 Eli Biham na jami'ar Technion a Isra'ila, wanda ya yi suna tun kusan 1990 wajen nazarin karya tsarin ɓoye saƙo tare da Adi Shamir, shi da Lior Neumann suka lura cewa mabuɗin fili da na'urori ke musaya yana da sassa biyu, amma ɗaya kaɗai ake tantancewa. Idan maharin ya mai da ɗaya sashen sifili, sirrin da za a samar sai ya faɗa cikin zaɓi ƙalilan da kowa zai iya canka. Kundin ya ba da shawarar a riƙa duba ingancin mabuɗin da aka karɓa, bai wajabta ba. Kayan Apple da Intel da Broadcom da Qualcomm duk abin ya shafe su. Bayan haka aka mai da shawarar wajibi.

Cinikin mabuɗi

Babin da ya fi tona asirin tsarin shi ne wanda Daniele Antonioli, Nils Ole Tippenhauer da Kasper Rasmussen suka buɗe a 2019. Ba su nemi kuskuren wani kamfani ba. Kundin ƙa'idojin suka zauna suka karanta.

Ga abin da suka tarar. Duk lokacin da na'urori biyu masu tsohon reshen Bluetooth za su fara zama, sai sun sasanta kan ƙarfin mabuɗin wucin gadi, daga bayit 1 zuwa 16. An tanadi wannan ne tun zamanin da ƙasashe ke taƙaita fitar da fasahar ɓoye saƙo mai ƙarfi zuwa waje, don a iya sayar da na'ura a ko'ina. Ɗaya za ta yi tayi, ɗayar ta karɓa ko ta rage. Wannan ciniki ba a ɓoye yake ba, ba a kuma tantance wanda ya yi maganar. Lamarin ya yi kama da mai saye da mai sayarwa da ba su ga juna ba sai ta bakin dillali: ya ce wa wannan ɗan'uwanka bai iya wuce kaza ba, ya faɗa wa wancan haka, dukansu su sallama, kowa na ganin ya yi wa ɗaya alfarma. Haka maharin ke sauya tayin 16 ya koma 1. Mabuɗin bayit ɗaya zaɓi 256 gare shi, abin da kwamfuta ke gamawa kafin ƙiftawar ido.

Wani abin takaici, a can ƙasa ake yin cinikin, tsakanin ƙananan ƙwaƙwalen rediyon na'urorin biyu. Manhajar wayar ba ta da labari, balle mai wayar, wanda zai ga alamar haɗi lafiya lau. Sun sa wa harin suna KNOB, suka gabatar da shi a taron USENIX Security. Duk ƙwaƙwalen rediyon da suka gwada, na manyan kamfanoni daban-daban, babu wadda ta tsira, domin duk sun bi ƙa'ida sau da ƙafa. Na'urar da ta fi biyayya ga kundin ba ta fi sauran tsaro ba.

Martanin Bluetooth SIG shi ne ɗaga mafi ƙarancin ƙarfin zuwa bayit 7. Wannan bit 56 ke nan, daidai da ƙarfin tsohon tsarin ɓoye saƙo na DES, wanda wata na'urar da gidauniyar EFF ta ƙera ta karya cikin sa'o'i 56 tun a 1998. An ɗaga farashin harin, amma cinikin na nan a fili yadda yake.

A 2020 mutanen uku suka dawo da BIAS, wannan karon a kan tantancewa. A kowane haɗi na'ura ɗaya ce jagora, ɗayar mabiyiya. A tsohon tsari, jagorar kaɗai ke tambayar shaida, ita ba a tambayarta. Ƙa'ida kuma ta yarda a yi musayar matsayi. To maharin da ya aro adireshin sifikar mutum, da ya ga za a tambaye shi mabuɗin da ba shi da shi, sai ya nemi a ba shi jagoranci, ya zama shi ne mai tambaya. Idan kuma na'urorin sun saba da sabon tsari mai tantance ɓangarorin biyu, sai ya ce shi bai iya wannan ba, a koma tsoho. Kundin bai wajabta wa waya ta tuna cewa jiya wannan sifika ta iya ba. In aka haɗa da KNOB, maharin ya wuce tantancewa, ya kuma karya mabuɗin zaman. Na'urori 31 suka gwada, masu ƙwaƙwalen rediyo iri 28, dukansu suka faɗi.

A Satumbar 2020 aka sanar da BLURtooth, wanda masu bincike a EPFL ta Suwizalan da Jami'ar Purdue ta Amurka suka gano daban-daban. Tun daga 4.2 an sauƙaƙa wa na'ura mai rassan Bluetooth biyu: ta yi haɗi ta reshe ɗaya, a ciro mata mabuɗin ɗaya reshen. Maharin sai ya shigo ta reshen da ba a sa wa ido, ya danne ingantaccen mabuɗin ɗaya reshen da nasa.

Sannan a ƙarshen 2023 Antonioli, wanda a lokacin ya koma cibiyar EURECOM a Faransa, ya gabatar da BLUFFS a taron ACM CCS. Abin da ake sa rai ga kowane tsari mai kyau shi ne, in an karya mabuɗin zaman yau, na jiya da na gobe su tsira. Ya nuna cewa ana iya tilasta wa na'ura ta riƙa samar da raunannen mabuɗi iri ɗaya a zama bayan zama. Maharin ya sha wahalar karya shi sau ɗaya, ya buɗe abin da ya naɗa a baya, ya kuma ci gaba da shigar burtu a gaba. Abin ya shafi sigogi daga 4.2 zuwa 5.4, an kuma tabbatar da shi a na'urori 18. A nan ne raunin bayit 7 ya fito sosai, domin wahalar da ake yi sau ɗaya a ci moriyarta kullum ba ta hana mai niyya.

Shaidar da ba a gaya wa abin da yake shaidawa ba

Tunda mutum ne shaida, ya dace a duba ko an ba shi abin da zai yi aikin. Maximilian von Tschirschnitz da abokan aikinsa na Jami'ar Fasaha ta Munich sun gwada haka a aikin da suka gabatar a 2021. Maharin na shiga tsakani ya bi hanyar gwama lamba da na'ura ta farko, ya bi hanyar buga lamba da ta biyu. Ta farko ta nuna lambobi shida tana jiran a ce sun yi daidai. Ta biyu ta buɗe gurbi tana jiran a buga lambobi shida. Me mai hankali zai yi? Zai kwafi na nan ya zuba a can, ya danna amincewa. Lambar kuwa maharin ya san ta, tunda da shi aka samar da ita. Babu inda kundin ya sa na'urorin su tabbatar hanya ɗaya suka bi. Cikin mutum 40 da aka gwada, babu ko ɗaya da ya gane ana kai hari, 37 kuma suka kammala haɗin.

Ba adalci ba ne a kira wannan sakacin mai amfani. Ya yi daidai abin da fuskokin biyu suka nuna masa.

Wani lokaci ma ba a tambayarsa. A Disambar 2023 Marc Newlin ya bayyana cewa da kwamfutar Linux da 'yar na'urar Bluetooth ta kasuwa, ana iya sa Android da Linux da macOS da iOS su karɓi kibod na bogi ba tare da mai na'urar ya amince ba, sannan a yi ta buga umarni kamar shi ne ke dannawa. A Android, Bluetooth ya kasance a kunne kawai ya isa. A kayan Apple sai in an taɓa haɗa su da kibod ɗin kamfanin, amma ko yanayin tsaro mai tsanani na Lockdown bai hana ba. Newlin ya bi ɓarakar har zuwa Android 4.2.2, wato ta shafe kusan shekara goma ba a lura ba. An fitar da gyara ga Android 11 zuwa 14. Sigogin da ke ƙasa da haka ba su samu ba.

Kusanci ba shaida ba ne

Akwai harin da ba ya buƙatar karya komai. Motoci da kwaɗuna da yawa na buɗewa da zarar sun ji wayar mai su a kusa. A Mayun 2022 Sultan Qasim Khan na kamfanin NCC Group ya ajiye iPhone a saman bene, mita 25 daga wata Tesla Model 3, ya sa na'ura ɗaya kusa da wayar, wata kusa da motar, suna miƙa saƙonnin yadda suke, a kulle, da jinkirin da bai taka kara ya karya ba. Motar ta buɗe, ta kuma tashi. Duk tantancewar gaskiya ce, wayar gaske ce ta amsa, nisan ne kawai ƙarya. Ya maimaita haka a kwaɗon Kwikset Kevo. Kundin Bluetooth ya daɗe da gargaɗin kada a dogara da kusanci kaɗai wajen tsare dukiya, masu ƙera kaya suka yi kunnen uwar shegu saboda masu saye na son ƙofar da ke buɗe kanta. Sai a Bluetooth 6.0 na Satumbar 2024 aka shigo da dabarar auna tazara ta hanyar lokacin da saƙo ke ɗauka ya je ya dawo da kuma yanayin zangon rediyon, wadda na'urorin da ke hannun jama'a tun kafin nan ba su da ita.

Wa zai gyara?

Gaskiya ne yawancin waɗannan hare-hare daga ɗakunan bincike suka fito, suna buƙatar maharin ya matso kusa, wasu kuma sai da gwaninta da kayan aiki. Mai sauraron waƙa a sifika ba shi ne abin farauta na farko ba. Amma haɗarin na ƙaruwa daidai da darajar abin da ke bayan haɗin, ko kibod ɗin da ake buga kalmar sirri da shi, ko na'urar da ke jikin majinyaci. A Maris 2020 hukumar FDA ta Amurka ta yi gargaɗi kan tarin kurakuran SweynTooth, waɗanda masu bincike a Singafo suka gano a ƙwaƙwalen BLE da ake sa wa kayan asibiti, har da na'urar daidaita bugun zuciya. Ɗaya daga cikin kurakuran na barin a kafa mabuɗin da duk sifili ne.

Hanyar da gyara ke bi kafin ya iso doguwa ce. A Yunin 2025 masu bincike na kamfanin ERNW a Jamus suka bayyana cewa ƙwaƙwalen kamfanin Airoha na Taiwan, da ke cikin wasu abin sauraro na Sony da Bose da JBL da Marshall, na barin baƙo ya karanta ma'ajiyarsu ba tare da haɗi ba, har ya ɗauki mabuɗin da suka ƙulla da wayar mai su. Airoha ya miƙa gyara ga kamfanonin. Daga nan sai kowane kamfani ya shirya nasa, mai kayan ya sauke manhajar kamfanin, ya kuma san akwai abin sabuntawa. Mutum nawa suka taɓa sabunta manhajar abin da suke sawa a kunne?

A nan ne batun ya taɓa kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano, inda wayoyin hannu-na-biyu ke samun sabuwar rayuwa bayan kamfanonin da suka ƙera su sun daina aiko musu da gyara. Wayar da ta tsaya a Android 10 za ta ci gaba da aiki shekaru, da ɓarakar Newlin a jikinta. Ga mai irin wannan waya, kashe Bluetooth in ba a amfani da shi, da goge tsofaffin haɗe-haɗen da ba a buƙata, da ƙin amsa buƙatar sake haɗi da ta zo haka kawai a cikin taro, su ne kariyar da ta rage a hannunsa.

Ra'ayin wannan takarda shi ne nauyin bai kamata ya tsaya kan mai waya ba. Tun daga siga ta 4.1 da ta 4.2 kundin na da yanayin da na'ura za ta ƙi duk wani haɗi sai mai sabon tsari da cikakken mabuɗi na bit 128, kuma hukumar NIST ta Amurka ta ba da shawarar a bi shi a jagoranta na tsaron Bluetooth. Ba a cika kunna shi ba, domin wayar da ta ƙi tsohuwar rediyon mota ita mai saye zai zarga. Ƙungiyar da mambobinta masu sayar da kaya ne ba za ta yi gaggawar yanke tsofaffin hanyoyi ba sai masu saye da yawa sun matsa. Asibitoci da bankuna da ma'aikatun da ke sayen na'urori da yawa a lokaci guda suna da wannan ƙarfi. Kafin su sa hannu a kwangila, su nemi amsa biyu a rubuce: shin na'urar na iya ƙin komawa tsohon tsari idan aka nemi ta koma, kuma shekara nawa kamfanin zai ci gaba da aiko mata da gyara? Ɗan kwangilar da ya kasa amsa waɗannan, kada a saya a hannunsa.